Furfurar Fegina

Fegina ya riga ni yin furfura.
Na sauko daga Rini da asuba, fartanya a kafaɗa,
na iske ƙasa ta yi fari fat
kamar an zubar da garin rogo an gudu.
Na durƙusa, na lasa.
Harshe ba ya yi wa mai shi ƙarya:
gishiri ne, da ɗacin kanwa a bayansa.

Ruwan da muke wa godiya shi ya kawo shi.
Ya gangaro daga Bakolori, ya kwanta,
rana ta kwashe ruwan, ta bar mana baƙon.
Magudanar da za ta raka shi waje kuwa,
kacala ta cinye ta tun Baba na da rai.

Alkama ta fito, fitowar majinyaci daga ɗaki,
bakin ganye a ƙone, tsawo bai wuce idon sawu ba.
Buhu sha ɗaya da Baba ke kaiwa gida
suka zama uku a hannuna.
Na sayar da tunkiya na ƙara takin zamani,
ashe barkono nake zuba wa gyambo.
Labbo maƙwabcina ya ce,
"Gawa kake wa shayi. Sayar, ka huta."

Sai Hansatu, ɗiyar ƙanwata, ta zo hutu
da karatun gonarta da wata kwalba.
Ta ɗebi ƙasata, ta zuba ruwa, ta girgiza.
Har muka ci tuwo ruwan bai kwanta ba.
Ta barbaɗa wani farin gari, jibsin ta kira shi,
kafin in gama alwala laka ta sauka,
ina hango yatsana ta cikin kwalbar.

"Kawu, ba ta mutu ba, ƙullewa ta yi."

Na ce, fari a kan fari?
Yaushe aka fara kashe gobara da wuta?
Ta ce wannan farin shi ke ɓamɓare wancan,
amma ɓarawo ba ya fita sai an bar masa ƙofa.

Kwana tara muna cikin magudana,
ni da yarana biyu da matsattsaku.
Buntun shinkafa daga injin Mafara, amalanke huɗu,
muka turara shi ya yi baƙi bai zama toka ba,
don toka, in ji ta, ƙanwar kanwa ce.
Kashin shanu daga rugar Jaɓɓi, wanda ya shekara.
Muka juya, muka cika da ruwa, muka saki.
Muka sake. Muka sake.
Na ga ruwan ƙarshe yana nutsewa da kansa
kamar yadda yake yi ina yaro.

Kunya guda ta ce in bari ban taɓa ba.
Na ce don me? Ta ce, "Shaida."

Ba zan ƙara gishiri a labarin ba,
na gaji da gishiri.
Buhu shida da rabi na auna.
Gefen yamma har yanzu yana da sanƙo,
kuma bashin jibsin bai gama fita wuyana ba.
Amma zangarniya ta kai min gwiwa,
ta sunkuya saboda nauyi,
shaidar nan kuwa tana kwance a tsakiya, fara sol,
ko ciyawa ta ƙi ta.

Jiya Labbo ya zo bayan isha'i,
ya daɗe yana tambayar lafiyar iyali
kafin ya ce, nawa ne amalanken buntu?

Yau Kulu ta soya funkaso da garin farko.
Ta leƙo ta ce miyar ta ji gishiri kuwa?
Na yi dariya har ta ɗauka na zautu.

Gobe zan sauka da asuba in sake lasa.